Yadda Ake Ƙidayar Kwaɗi da Macizai a Fadama: Jagora Daga Dausayin Haɗeja-Nguru

Idan ka zauna da tsofaffin masunta a bakin dausayin Haɗeja-Nguru, ba za a daɗe ba wani zai ce maka burduddugi ya yi ƙaranci, ko kuma an kwana biyu ba a ga mesa mai girman ta da ba. Wataƙila gaskiya ne. Sai dai hukuma ba ta kafa doka a kan "an kwana biyu", lamba take nema, lambar kuma ba ta da daraja sai an san mutum nawa suka nema, a ina, da wane lokaci, na tsawon awa nawa. Wannan shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya, sauran duk dabarun cika shi ne.

Dalilin damuwa a fili yake. Babban nazarin duniya da aka fitar a 2023 ya nuna kusan kashi 41 cikin 100 na jinsunan kwaɗi da danginsu suna fuskantar barazanar ƙarewa, na 2022 kuma ya nuna kusan kashi 21 na masu jan ciki, wato macizai da ƙadangaru da kunkuru da kada. A wannan dausayi, inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa kafin su zama Komadugu Yobe, ambaliya ta sauya tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, ga feshin gonakin shinkafa, ga kasuwancin busasshen kwaɗo zuwa Kudu. Tafkin Nguru da mashigar Marma sun shiga jerin Ramsar, wato jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya, a 2000, amma tsuntsaye ne suka fi samun masu ƙidaya. Kwaɗo da maciji marayu ne a wannan fanni.

Kafin a taka ruwa

A fara da tambaya guda wadda za a iya amsawa. "Me ke cikin fadamar nan?" tambaya ce ta jerin jinsuna. "Shin burduddugi ya fi yawa a tafkunan da ba a kamu fiye da waɗanda ake kamu?" tambaya ce ta kwatance, kuma tana buƙatar tafkuna da yawa daga kowane ɓangare, aƙalla biyar-biyar, an fi son goma-goma. Wanda ya kwatanta tafki ɗaya da tafki ɗaya bai gano tasirin kamu ba, bambancin tafkuna biyu kawai ya gano.

Sai izini. Idan wurin yana cikin gandun daji na ƙasa, kamar Dagona da ke ƙarƙashin gandun Tafkin Chadi, takarda daga hukumar gandun dajin take fitowa. A wajen gandu, ma'aikatar muhalli ta jiha. Amma takarda ba ta hana a ɗauke ku ɓarayi idan aka hango fitilu suna yawo a bayan gari da ƙarfe goma na dare. A je wurin hakimi da dagaci ko bulama, a gaida sarkin ruwa, a sanar da 'yan sintiri ranar fita da inda za a bi, a kuma ɗauki ɗan gari cikin tawaga a biya shi haƙƙinsa. Shi ya san inda kada take kwana da inda laka take haɗiye ƙafa.

Kayan aiki ba su da yawa: tocilar goshi ga kowa da batir na ajiya, takalmin roba mai dogon wuya, dogon wando mai kauri, tabarau, safar hannu ta roba marar hoda, ledoji farare sababbi, ma'aunin tsawo na milimita, ƙaramin sikelin rataye, ma'aunin zafi, tef na mita 50, waya mai GPS da na'urar naɗar murya, da fensir. Fensir, ba biro ba, domin tawada tana narkewa da raɓa. Kada a shiga ruwan fadama da silifas ko ƙafa tsirara. Ban da maciji akwai tsargiya.

Shata turba

Da rana ake shata turbar bincike. A auna mita 200 a gefen ruwa, a kafa turke kowane mita 25, a ɗaura masa tsumma mai haske, a rubuta lambar GPS ta farko da ta ƙarshe. Faɗin da ake dubawa mita biyu ne hagu da dama. Babban kuskuren da ake yi a nan shi ne zaɓen wurin da aka ji kwaɗi sun fi kuka. Idan duk turbobi suna wurare masu albarka, lissafi zai kumbura, kuma shekara mai zuwa ba abin da zai iya yi sai sauka, a ce an samu raguwa alhali zaɓe ne ya yi son kai. A raba taswirar wurin gida-gida, a ba kowane gida lamba, a jefa ƙuri'a. A tabbata kowane irin muhalli ya samu rabonsa: gonar shinkafa, cikin kacala, tafkin bado, kududdufin damina, da tudun da ke gefe.

Ga kowace turba a rubuta zurfin ruwa, yawan ciyawa, ko akwai kifi, ko an yi feshi kwanan nan, ko shanu suna shan ruwa a wurin. A ɗauki hoto daga turken farko ana fuskantar gaba, a riƙa maimaita shi daga wuri ɗaya kowace ziyara. Gefen ruwa yana tafiya da damina, turke kuwa ba ya tafiya, don haka a rubuta nisan ruwa daga turke kowane dare.

Fitar dare

Lokacin da ya fi kyau shi ne daga bayan magariba zuwa wajen ƙarfe sha ɗaya, tsakanin Yuni da Satumba. Daren da ya biyo ruwan sama mai ƙarfi na farkon damina ba a wasa da shi, domin akwai kwaɗin da suke shafe rani a binne cikin ƙasa, irin su Hemisus mai tsinin hanci da Tomopterna, su fito su yi ƙwai cikin 'yan kwanaki su sake ɓacewa. Tawagar da ta fara aiki a Agusta za ta rantse babu su.

Da isa turken farko, a kashe fitilu, a yi shiru na minti biyu, sannan a saurara minti biyar ana naɗa. Maza ne ke kuka, kuma kowane jinsi da muryarsa. A ba kowace murya maki: 0 idan babu, 1 idan ana iya ƙirga masu kukan ɗaya-ɗaya, 2 idan muryoyi suna hawa kan juna amma ana rarrabewa, 3 idan sun zama amo ɗaya. A faɗi kwanan wata da lambar turba da zafin iska a farkon naɗin da baki, saboda sunan fayil yana ɓata, kuma saurin kukan kwaɗo yana sauyawa da zafi. Naɗin nan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato: kwaɗin Ptychadena masu dogon tsalle sun yi kama da juna ƙwarai, sau da yawa murya ce kaɗai ke raba su.

Sannan a kunna fitila a fara tafiya a hankali, kimanin minti 40 zuwa awa ɗaya ga mita 200. Fitila a goshi take, kusa da ido, domin ta haka ake ganin ƙyallin idon kwaɗo yana dawowa. A duba ƙasa, a duba kan ruwa, a duba jikin ciyawa har tsayin ƙirji, inda ƙananan kwaɗin Hyperolius suke maƙalewa. Mutum ɗaya ne marubuci, ba ya nema. Idan aka tsaya awo ko hoto, a tsayar da agogo.

Daga nan ake fitar da lambar da ake iya kwatantawa. Masu nema uku da suka yi awa biyu sun yi awa shida na mutum. Idan sun ga burduddugi 42, sakamakon shi ne 7 a kowace awar mutum. Ba a ƙara mutum na huɗu a tsakiyar damina ba tare da an rubuta ba, ba a kuma bar gwani ya riƙa bin turbobin gefe ɗaya kullum. A riƙa juya mutane. A rubuta hasken wata, iska, da ranar da aka yi ruwa na ƙarshe, domin daren farin wata da busasshiyar iska yakan rage fitar wasu jinsunan.

Kuma a rubuta sifili. Daren da aka bi turba ba a ga komai ba, takardarsa ta fi ta kowane dare saurin ɓata, domin mutane suna jin kamar ba su yi aiki ba. Idan aka zubar da sifilai, ba yadda za a yi raguwa ta fito a lissafi ko da tana faruwa.

Sau nawa za a koma

Rashin gani ba rashin samuwa ba ne, kuma ana iya lissafa wannan. A ce wani maciji yana wurin, amma damar ganinsa a dare ɗaya kashi 30 ce cikin 100. Damar kuskure shi a dare uku a jere ita ce 0.7 sau 0.7 sau 0.7, wato kusan kashi 34. A dare biyar ta sauka zuwa kusan 17, a dare takwas zuwa kusan 6. Saboda haka ziyara uku ita ce mafi ƙaranci ga kwaɗi masu kuka, macizai kuwa suna buƙatar ninkin haka ko fiye. A jera ziyarce-ziyarcen kusa da juna, cikin mako biyu zuwa uku, kafin yanayin wurin ya sauya.

Kamawa da awo

Fatar kwaɗo tana shan duk abin da ya taɓa ta. Maganin sauro na shafawa, man shafawa, sabulu, ko taba a hannu suna iya kashe shi. A sa safar hannu sabuwa a jiƙa ta da ruwan wurin, ko a juya leda a hannu a kama da ita. Kwaɗo ɗaya, leda ɗaya. A riƙe babba ta ƙugu, a gaban cinyoyi, kada a ja ƙafa ɗaya. A auna daga tsinin hanci zuwa dubura, a rataye ledar a sikeli a cire nauyin leda, a ɗauki hoto huɗu: baya, gefe, ciki, da tafin ƙafar baya a buɗe, da ma'auni a cikin hoton. A sake shi inda aka kama shi cikin 'yan mintoci. Ledar da aka manta a mota ko a rana ta zama kabari.

Burduddugi, wanda masana ke kira Hoplobatrachus occipitalis, ana gane shi da girma, da idanu a saman kai, da wani layi da ya ratsa bayan idanun, da fatar da ta cike tsakanin yatsun ƙafar baya. Talibambam ɗinsa mafarauci ne, yana cin na sauran kwaɗi da tsutsar sauro, shi ya sa raguwarsa take taɓa dukkan kududdufi. Akwai kuma wani ja da baƙi mai santsi, Phrynomantis microps, wanda ruwan fatarsa yake zafi idan ya shiga rauni ko ido. Bayan taɓa shi a sauya safa kafin a taɓa komai.

Idan ana son ƙiyasta yawan kwaɗin tafki guda, a ɗauki hoton bayan kowane kwaɗo, domin a jinsunan da ke da zane kowa da nasa. A ce daren farko an ɗauki 40, dare na biyu an kama 50, goma daga ciki tsofaffin fuska ne: 40 sau 50 a raba da 10, kimanin 200 ke nan. Lissafin yana rushewa idan an yi ruwa tsakanin dararen biyu kwaɗi suka shigo ko suka fita, ko kuma waɗanda aka sake kamawa ba su kai goma ba.

Shinge da bokiti

Ƙananan macizai da kwaɗin ƙasa da ba sa kuka sosai, tarko ne ke kawo su. A samo leda mai kauri, faɗin santimita 60, tsawon mita 20. A haƙa ɗan rami a binne santimita 10 na gindinta, a tsayar da sauran da turaku kowane mita biyu. A binne bokiti mai lita 20 kowane mita biyar, bokiti biyar ke nan, bakinsa daidai da ƙasa, ledar ta ratsa ta tsakiyarsa. Dabba ta ci karo da shinge, ta bi gefensa, ta faɗa. Idan bakin bokiti ya ɗago ko da faɗin yatsa ne, za ta kewaye.

A nan ne aka fi kashe dabbobin da aka zo ceto. A sa jiƙaƙƙen soso da ɗan ganye a ciki, a jingina murfi a kan duwatsu ya yi inuwa. A kan tudu a huda gindin bokiti ƙananan huji don ruwan sama ya tsiyaye. A ƙasa mai danshi kuwa hujin ne zai shigo da ruwa, bokitin da ba huji kuma ruwan ƙasa ya turo shi sama, don haka a kafa shinge a gefen tudu, ba cikin laka ba. A duba da asuba kafin rana ta yi zafi, a sake dubawa da yamma. Idan kwarkwasa ta gano layin, a rufe shi nan take, domin cikin dare ɗaya za ta cinye duk abin da ke ciki. Ba a zura hannu a bokiti sai an haska an motsa ganyen da sanda, kunama ma tana faɗawa. Ranar da ba za a zo ba a rufe bokitai ruf, ranar tashi kuma a tone su a cike ramukan. Ana lissafin tarko da daren bokiti: bokiti biyar a dare goma, hamsin.

Macizai: ido da kyamara

Ƙa'idar tawagar da ba ta da horo na musamman ita ce ba a kama maciji. Hoto daga nisan mita biyu zuwa uku, na kai da na tsakiyar jiki, ya isa gane yawancinsu. Dalili kuwa shi ne kama tana yaudara. Macijin nan mai cin ƙwai, Dasypeltis, ba shi da dafi, amma yana naɗewa yana goga ɓawon jikinsa ya yi ƙara irin ta kububuwa sak. A ɗaya gefen, akwai wani ɗan baƙin maciji mai sheƙi, Atractaspis, da ake ɗauka marar illa, alhali yana fito da haƙori ta gefen baki ya soki yatsan wanda ya riƙe shi ta wuya. Kasa ba ta gudu, kwanciya take a turba ta dogara da launinta. Kumurci yana feso dafi daga nisan mita biyu ko fiye, ido yake nema, amfanin tabarau ke nan.

Hanyoyi uku suna ƙara yawan abin da ake gani. Na farko, a shimfiɗa tsofaffin kwanon rufi ko falankai a gefen ciyawa, a ba su lamba, a bar su wata guda ko fiye kafin a fara dubawa, da sassafe. A ɗaga da sandar ƙugiya ta yadda kwanon zai zama garkuwa tsakaninka da abin da ke ƙasa. Na biyu, a zaɓi yankin titi mai tsawon da aka sani, a bi shi da sassafe a hankali ana rubuta waɗanda mota ta take, a janye gawar daga titi don kada a ƙirga ta gobe. A kula, kan macijin da bai daɗe da mutuwa ba yana iya sara. Na uku, saɓa: a busar da ita, a sa a ambulan ta takarda, ba leda ba don kada ta yi fumfuna. Jerin ɓawon da ke jikinta yana nuna jinsi.

Tun kafin fita a san asibitin da yake da allurar kashe dafi a hannu, a kuma ajiye mota ko babur a kusa. Asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya yi suna a wannan aiki, amma yana da nisa daga Nguru, don haka a bincika na kusa. Idan an yi sara: a janye daga wurin, a cire zobe da agogo, a ɗaure gaɓar da sanda don kada ta motsa, a ɗauki mutum, kada ya taka. Ba a ɗaure tam da igiya don tare jini, ba a tsaga, ba a tsotsa. Ba a ba da asfirin ko ibuprofen ko diclofenac, domin dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, kuma mutum yana iya zama garau na sa'o'i kafin dasashi ya fara jini. A asibiti ana zuba ɗan jini a busasshiyar kwalbar gilashi a jira minti 20. Idan bai daskare ba, dafi ya shiga. Dafin da ya shiga ido kuwa, a wanke da ruwa mai yawa nan take, sannan a tafi asibiti.

Kada ku zama masu kai cuta

Akwai fangas mai suna Batrachochytrium dendrobatidis da ke kama fatar kwaɗi, wanda ya hallaka jinsuna da dama a Amurka ta Tsakiya da Ostareliya. An same shi a Najeriya da tsaunukan Kamaru. Ya fi son sanyi, tsakanin digiri 17 zuwa 25, zafin Sahel bai yi masa daɗi ba, amma takalmin da ya taka Mambila yau yana iya taka wani rafi gobe. Tsakanin wuri da wuri a kankare laka tukuna, domin bilic ba ya ratsa laka. A haɗa bilic na gida mai ƙarfin kashi 3.5, awo ɗaya da ruwa awo biyu, a jiƙa takalma da raga da bokiti minti biyu, a ɗauraye, a shanya. A zubar da ruwan wankin nesa da tafki, shi kansa guba ne ga talibambam.

Kasuwa

Rabin labarin burduddugi yana kan rumfar shanya. Wani bincike da aka buga a 2010 ya gano 'yan kasuwa 32 kacal suna juya kwaɗi kimanin miliyan 2.7 a shekara zuwa kudu maso yammacin Najeriya, ana kawo su daga arewacin ƙasar da maƙwabta irin su Benin. A ziyarci masu kamu da dillalai rana ɗaya a kowane wata, a ƙirga buhuna, a roƙi izinin ƙirga abin da ke cikin buhu biyu ko uku don samun matsakaici, a auna tsawon kwaɗi 30 da aka ɗebo ba zaɓe. A tambayi nisan da suke tafiya da dare nawa ake cika buhu. Idan girman kwaɗin yana raguwa shekara bayan shekara, nisan tafiya kuma yana ƙaruwa, alamar kamu ya fi haihuwa ke nan, kuma takan bayyana kafin ƙidayar dare ta nuna komai. Ba a rubuta sunan kowa, ba a kuma sayen dabba mai rai don bincike. Ranar da aka sayi mesa ɗaya, washegari za a kawo uku.

A shigar da takardun kowane dare cikin kwamfuta kafin a sake fita, layi ɗaya ga kowace dabba, a ɗauki hoton takardar asali. Hotuna za su iya hawa iNaturalist, shafin intanet na hotunan dabbobi da tsirrai, don masana su tabbatar da suna, amma a ɓoye ainihin wurin mesa da kunkuru da kififiya, saboda masu fataucinsu ma suna da intanet. Abin da ba a gane ba a rubuta shi "ba a gane ba" tare da lambar hotonsa. A ƙarshen damina a koma wurin dagaci da sarkin ruwa da sakamakon a bakin Hausa, a bar musu kwafin taswirar turbobin, a roƙi a bar turakun a inda suke har ruwan farko na baɗi.